Ƙararrawar Boca de Garzas

A shekarar 1973 littafin ya iso garinmu, kuma hannuna ya fara shiga, don ni ce malamar makarantar Boca de Garzas a lokacin, ni kaɗai da yara sittin da biyu a ɗaki ɗaya. Gwamnatin jiha ce ta sa aka rubuta shi, tarihin gaɓar tekunmu kaf, kowace ƙaramar hukuma da babinta. Aka haɗo mini da takarda daga San Anselmo, hedkwatar ƙaramar hukumarmu da ke can tudu, cewa in koya wa yara babinmu kafin bikin cika shekara ɗari da za a yi a watan Nuwamba.

Na san marubucin. Wani lauya ne daga babban birni, Lisensiyado Fidencio Olea, don haka ake kiran lauya a wurinmu, siriri mai tabarau, ba shi da mugunta, sai dai tsoron sauro. Wata guda ya yi a San Anselmo yana cin naman sa a teburin shugaban ƙaramar hukuma, Don Aristeo Valverde. A wurinmu “Don” laƙabin girmamawa ne na maza, “Doña” kuma na mata. Mu kuwa rabin yini ya ba mu. Ya zo da hantsi, ya sha ruwan kwakwa biyu, ya ɗauki hoton kwalekwale, ya koma tun rana ba ta karkata ba.

Babinmu shafi goma sha ɗaya ne. Kusan duka labarin gidan Valverde ne, da shanunsu da gonakin audugarsu, da yadda kakan Don Aristeo ya kafa ƙaramar hukumar a San Anselmo a 1873. Mu layi uku muka samu a can ƙasa: “Boca de Garzas zangon masunta ne da leburorin gonakin Valverde suka kafa wajen 1940. Mazaunansa suna kamun kifi da yin gishiri. Ba shi da wani tarihi na musamman.”

Da na tashi daga makaranta na kai littafin gida. Ina zaune ne da yayar mahaifiyata, Eufrosina, wadda kowa ke kira Tiya Frosina, wato Inna Frosina, ita ta riƙe ni tun rasuwar uwata. Shekararta sittin da takwas, ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma babu mai sayar da busasshen kifi a gaɓar nan da bai san sunanta ba. Na same ta a tsakar gida tana farke kifi tana barbaɗa masa gishiri. Na karanta mata layukan nan uku.

“Maimaita, Hermila,” ta ce.

Na maimaita.

Ta ajiye wuƙa. “Wajen arba'in, ko? To ni da aka haifa a garin nan tun shekarar 1905, a ina uwata ta haife ni? A kan ruwa? Ashe kifi ce ni ban sani ba.”

Labarin da ya biyo baya na san shi tun ina ƙarama, kamar kowane ɗan Garzas. A nan aka kafa ƙaramar hukumar, ba a San Anselmo ba. A nan jiragen ruwa suke tsayawa su ɗauki gishiri da auduga, lokacin da San Anselmo garke ne da rumfuna huɗu. Muna da ofishin hukuma na jan bulo, da akwatin takardu, da hatimi, da ƙararrawa wadda masunta da mata masu gishiri suka tara tagulla aka ƙera. Kakana Melquiades, mahaifin Tiya, shi ne magatakarda na ƙarshe. A 1932 guguwa ta taso daga teku, ruwa ya ɓalle yashin da ya raba tafki da teku, ya shiga gari, ya rushe ofishin, ya ci mutum arba'in da bakwai. Ana cikin binne gawawwaki sai ga mutanen tudu da amalanken shanu, wai sun kawo taimako. Suka ajiye buhu shida na masara, suka ɗauki akwatin da hatimin da ƙararrawar, suka ce ajiya ce har mu sake gini. Muka sake gini. Sau huɗu kakana yana takawa San Anselmo ya karɓo ajiyar. A na huɗun suka kulle shi kwana uku, ya dawo bai ƙara maganar ba har ya mutu.

Abin da ban taɓa gani ba shi ne a rubuta a takarda cewa duk wannan bai faru ba.

“Za ki koya wa yara wannan?” Tiya ta tambaye ni.

“Umarni ne, Tiya. In ban koya ba aikina ne a bakinsa.”

“Ban tambaye ki wa ya ba da umarni ba.”

Ban koya ba. Washegari na sa littafin a ƙarƙashin ƙafar teburina da ke girgiɗi, ya kuwa zauna daram.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci Tiya ta tara gari a gindin tsamiyar bakin tafki. Wanda muka zaɓa ya riƙe garin a shekarun nan shi ne Don Cleofas Mariche, tsohon masunci mai sanyin hali. Shi ya riƙe ɗan Tiya ranar baftisma, don haka kompadre take ce masa, shi kuma ya ce mata komadre, kuma shekara arba'in ke nan ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Na karanta wa jama'a layukan. Aka yi ta guna-guni, Don Cleofas ya ɗaga hannu.

“Komadre, takarda ce fa. Takarda ba ta hana kifi shiga taru. Don Aristeo ya yi mana alkawarin wutar lantarki baɗi. Kada mu ɓata rawarmu da tsalle.”

“Wane alkawarin, kompadre, na bara ko na bara waccan? Tun ina da haƙora nake jin wutar nan tana tafe. Ƙila a ƙafa take zuwa.”

Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba.

“Ke dariya ce a wurinki. Su ke da 'yan sanda, su ke da alƙali, su ke da hanya. Mu me muke da shi?”

“Kifi,” in ji Tiya.

Gaskiyarta. Don Aristeo ya riga ya aiko cewa yana son kifi da jatan lande na baƙi ɗari biyar, don wakilin gwamna zai zo, kuma duk wanda ya sauko gaɓa daga babban birni abincin teku yake zuwa ci. A garinmu maza ke kamawa, amma mata ke gyarawa su sayar. Kafin a tashi daga gindin tsamiyar nan mata sun yanke magana: daga ranar ko ƙaya ɗaya ba za ta hau tudu ba, haka ma gishiri.

Kwana biyu kafin biki motar hukuma ta zo ɗaukar kaya, ta tarar da kwanduna a kife. Direban ya yi ta zagaye har aka nuna masa gidanmu.

“Doña Frosina, ina kifin shugaba?”

“Ayya, ɗan nan, ka ba shi haƙuri. Ka san jiya-jiya aka kafa mu, ba mu gama koyon kamun kifin ba tukuna.”

“Wasa kike yi?”

“A littafi yake. Ka je ka karanta.”

Ranar biki muka fita da sassafe, mata tamanin da uku, da amalanke biyu na tsofaffin da ba za su iya taka kilomita goma sha bakwai ba. Tiya ta ƙi hawa. Ta ce ubanta da ƙafa ya je sau huɗu, ita ma da ƙafa za ta je. Maza suka tsaya a bakin ƙofofi suna kallonmu, kowa yana sosa ƙeya. Sai da muka wuce gonakin zoɓo, rana ta fara zafi, muka ji takun mutane a bayanmu. Don Cleofas ne cikin farar rigarsa ta zuwa coci, da sandar mulki a hannu, da maza wajen arba'in.

“Ba don ke na zo ba, komadre,” ya ce yana haki. “Don kada a ce mata sun shiga gari babu mai iko a tare da su.”

“Sannu da jarumta, kompadre. Bi a hankali kada ikon ya faɗi.”

Mun isa dandalin San Anselmo da tsakar rana. An yi masa ado da tutocin takarda, 'yan badujala suna busa, an kafa rumfa a gaban ofishin hukuma. Wakilin gwamna, wani dattijo mai ƙiba, yana zaune a tsakiya yana fifita da hularsa, Don Aristeo a damansa. A saman ofishin akwai 'yar hasumiya, a cikinta ƙararrawa take rataye, an shafe ta da koren fenti. Mutanen tudu suka dare suka ba mu hanya, wasu suna toshe hanci, wai baƙaƙen bakin ruwa sun zo da ƙarninsu. Ba mu kula su ba. Muka tsaya a gaban rumfar, a rana.

Lisensiyado Olea yana tsaye yana karanta babinmu. Da ya kai inda aka ce kakan Don Aristeo ya sa aka ƙera ƙararrawa daga aljihunsa ya ba gari kyauta, sai Tiya ta ɗaga murya. Muryar mai tallan kifi ce, ta shekara hamsin tana ƙetare tafki.

“Lisensiyado! Ka taɓa ganin ƙararrawar nan kusa?”

Ya tsaya, ya gyara tabarau. 'Yan sanda biyu suka nufo ta, Don Aristeo ya miƙe yana murmushin dole.

“Ranka ya daɗe, tsohuwa ce daga bakin ruwa, rana ta buge ta. Yanzu za a ba ta ruwa.”

“Ku bar ta,” in ji wakilin gwamna. Ina jin gajiya da jawabi ce ta sa shi, da kuma haushin naman sa da aka ba shi maimakon jatan lande. “Me kike so, Doña?”

“Tambaya ɗaya na yi wa mai littafi, ranka ya daɗe. Ya gan ta kusa?”

Lisensiyado ya ce, “Gaskiya ban hau ba. An gaya mini ne.”

“To ni ban iya karatu ba, kowa ya sani. Amma ubana ya riƙe yatsana ya bi da shi a kan rubutun da ke jikinta tun ina shekara bakwai, har na haddace. Ga abin da ke jikinta.” Ta juya ta fuskanci jama'a, ta faɗa dalla-dalla: “Ni ta Boca de Garzas ce, mazaunin wannan ƙaramar hukuma. Masunta da mata masu gishiri suka ba da tagullata. Shekarar 1873.” Ta juyo ga rumfa. “A hau a duba. In na ƙara harafi ko na rage, ku kulle ni har in mutu. Shekara ɗarin da kuke biki gaskiya ce, Don Aristeo. Sai dai ba taku ba ce.”

Don Aristeo ya ce tsanin hasumiyar ya ruɓe, ba mai hawansa. Wani daga cikin mutanen garinsu ya ɗaga murya daga baya ya ce ai da safen nan aka hau aka kaɗa ta. Wakilin gwamna ya dubi Lisensiyado, ya nuna sama da hularsa.

“Kai ka rubuta, kai za ka hau.”

Tiya ta zaro wuƙar farke kifi daga ɗamararta ta miƙa mini. “Bi shi, Hermila. Ido biyu ba su isa ba, ko da tabarau.”

Muka hau. Wurin ƙunci ne, ga kashin tattabaru ko'ina. An rataye ƙararrawar ne yadda gefe ɗaya ya fuskanci bango, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Na cusa hannu na shafa, na ji tudun haruffa a ƙarƙashin fenti. Fentin hawa-hawa ne, kore a sama, baƙi a ƙasa, kamar duk shugaban da ya zo sai ya ƙara nasa. Na yi ta kankarewa, Lisensiyado yana riƙe da bakin ƙararrawar yana karkato ta wajen haske. Haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta a hankali, leɓunansa suna motsi. Babu abin da Tiya ta ƙara, babu abin da ta rage.

Ya zauna a kan katako ya cire tabarau. Gumi ya jiƙa rigarsa.

“Maestra,” ya ce, don haka ake kiran malama a wurinmu, “kwafi dubu biyar aka buga da sunana a bango. Kin san abin da zai same ni in na faɗa?”

“Ban sani ba, Lisensiyado. Amma ni zan faɗa. Sai dai ni 'yar Garzas ce, za a ce son kai ne.”

Sannan ya miƙe, ya leƙa ta tagar hasumiya, ya karanta rubutun da ƙarfi. Ya ƙara da cewa, “Abin da na rubuta kuskure ne. Matar nan ta fi ni gaskiya.”

Ban taɓa jin ihu irin wanda matanmu suka yi ba. Wasu kuka, wasu guɗa, wata tsohuwa a kan amalanke tana kiran sunayen 'ya'yanta da ruwa ya ci. Tiya kaɗai ce ba ta yi komai ba, tana tsaye ta harɗe hannuwa tana kallon Don Aristeo.

Wakilin gwamna ya ga abin ya fi ƙarfin biki. Ya ce wannan magana ce ta majalisar jiha, ya shiga motarsa, ko yankan kek ɗin bai jira ba. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Don Aristeo ya sa aka kama Tiya da laifin tayar da hankalin jama'a, ni kuma da laifin lalata kayan hukuma, wato fenti.

Ɗakin kurkukun yana bayan ofishin, mutum shida yake ɗauka. Matanmu suka yi layi a ƙofa, kowace tana cewa ita ma ta tayar da hankali, a kulle ta. Shugaban 'yan sandan ya rasa yadda zai yi, ya ce su koma gida. Suka ce to, suka koma dandali suka zauna a ƙarƙashin rumfar da aka kafa wa manya. Don Cleofas ya tura maza goma gida da amalanke su kawo masara da tukwane da busasshen kifi. Kafin yamma hayaƙi yana tashi a wuri shida a gaban ofishin hukuma, ƙamshin kifin da aka hana Don Aristeo yana shiga ta tagarsa.

Da aka rufe mana ƙofa Tiya ta dubi ɗakin sama da ƙasa.

“Nan suka sa babana,” ta ce. “Ya ce akwai kuɗin cizo. Duba mana ko jikokinsu suna nan.”

Suna nan kuwa. Kwana uku muka yi da su. Ta taga muke jin labarin waje. A rana ta biyu matan kasuwar San Anselmo suka fara kawo wa namu ruwa da tortiya mai zafi, wato wainar masararmu. Ba duka don ƙauna ba, sati uku ke nan babu gishirin kirki a garin, namu kuma suna ba kowace da ta kawo ruwa ɗan ƙunshi. Amma akwai wata dattijuwa da ta zo har bakin tagarmu ta ce ubanta ne ya ja amalanken da ya ɗauko ƙararrawar, kuma har ya mutu ba ya son jin ƙararta.

A rana ta uku da hantsi aka fito da mu aka kai mu ofishin Don Aristeo. Don Cleofas yana can zaune a bakin kujera, sandarsa a kan cinya. Akwai takarda a kan tebur da alƙalami a gefenta. Don Aristeo ya yi laushi, har ya sa aka kawo wa Tiya kujera.

“Doña Frosina, mu manya ne, mu yi magana ta manya. Ƙararrawa kuke so, na ba ku. Yau za a sauke ta, motar hukuma ta kai muku har gida. Turakun wuta ma za su iso kafin Kirsimeti. Abu ɗaya kawai, Don Cleofas ya sa hannu a nan.”

“Karanta mana, Hermila.”

Na karanta. Takardar ta ce mutanen Boca de Garzas sun karɓi ƙararrawa a matsayin kyauta daga ƙaramar hukuma, sun yarda San Anselmo ce hedkwata, kuma ba za su ƙara neman komai ba a kan abin da ya wuce, su da 'ya'yansu.

Na ga Don Cleofas yana kallon alƙalamin. Ban ga laifinsa ba. Ni ma zuciyata ta tafi ga ɗakin makarantata da ba a ganin allo in hadari ya haɗu. Na kuma san Tiya ta shekara arba'in da ɗaya tana mafarkin jin ƙararrawar nan a bakin tafki.

“Kyauta,” in ji Tiya. “Ka sace mini akuya, ka dawo mini da ita, in yi maka godiya, in kuma sa hannu cewa garken naka ne.”

“Doña, abin da ya wuce ya wuce. Ba a ma haife ni ba lokacin... ina nufin, yaro ne ni.”

“Na san yaro ne kai, na ga lokacin da kake yawo ba wando. Ka bar ta inda take, Don Aristeo. Kada ka sauke ta. Yanzu kowa a garin nan ya san abin da ke rubuce a jikinta. Duk safiyar da aka kaɗa ta sunanmu za ta kira a kanku, kuna shan kofi kuna ji. Ranar da za ta dawo gida, ba da takardarka za ta dawo ba.”

Fuskarsa ta yi ja. Ya juya ga Don Cleofas. “Kai ne mai iko a garinku, ba ita ba. Sa hannu, mutanenka su samu wuta.”

Don Cleofas ya ɗauki takardar, ya kai ta nesa da ido, ya kawo ta kusa, ya juya ta, ya ajiye.

“Ka yi haƙuri, shugaba. Ban zo da tabarau ba.”

“Ba ka taɓa sa tabarau ba a rayuwarka!”

“Shi ya sa ban zo da shi ba.”

Tiya ta dube shi ta gefen ido. “Kompadre, yau ka burge ni.”

“Ki rufe mini baki, komadre, ƙafafuna rawa suke yi.”

Washegari ranar kasuwa ce, ga mata tamanin sun mamaye dandali, don haka kafin azahar aka sake mu ba tare da an kai mu gaban alƙali ba. Muka koma gida a ƙafa, amalanke babu komai a kai sai tsofaffi da tukwane.

Mun biya kuɗin taurin kanmu. Wutar lantarki sai bayan shekara shida ta zo, bayan duk ƙauyukan da ke kewaye da mu sun samu. Ni aka ɗauke ni daga Garzas aka jefa ni wata makaranta a kan duwatsu, tafiyar yini biyu, na shekara biyu a can. Lisensiyado Olea ya rasa aikinsa na gwamnati. Bayan wata bakwai sai ga wasiƙa daga gare shi. Ya shiga ma'ajiyar tsofaffin takardu a babban birni da ƙafarsa, ya yi ta tono har ya samo dokar 1873 da ta kafa ƙaramar hukumar, sunan Boca de Garzas a layin farko. Ya aiko mana da kwafinta, ya ce in muna son lauya ga shi, ladansa busasshen kifi.

Aka sake taruwa a gindin tsamiya. Wasu suka ce a nemi a dawo da hedkwata gida. Tiya ta ce a'a, ba ta son mulkin mutanen tudu kamar yadda ba ta son su mulke ta, su riƙe shanunsu, mu a yanka mana tamu ƙaramar hukumar. A kan haka aka tsaya. Sau tara wakilanmu suna zuwa majalisar jiha. Sau biyu takardunmu suka ɓace, sau ɗaya aka ce yawanmu bai kai ba, muka bi gida-gida a ƙauyuka biyar na bakin tafki muka ƙirga kanmu da kanmu. San Anselmo kuwa suka daina kaɗa ƙararrawar, suka sayi lasifika. Tana nan rataye har yau, ba su sake mata fenti ba.

Tiya Frosina ta rasu a 1981, tana zaune tana gyaran kwando. Ba ta ga ƙarshen abin ba. A 1984 majalisa ta amince, Boca de Garzas da ƙauyuka biyar suka zama ƙaramar hukuma, aka naɗa ni magatakarda.

Saura shata iyaka. Masu awo suka zo daga babban birni da taswira da siminti, muka bi su ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu. Komai ya tafi daidai har aka zo fadamar gishiri. A taswirarsu layin ya bi ta kudu da ita, wato ta faɗa ɓangaren San Anselmo. Babban mai awon, wani saurayi mai fara'a, ya sa aka kafa dutsen iyaka a nan, ya ce haka aka ba shi.

Don Cleofas ya haura tamanin a lokacin, ba ya gani sosai, da sanda yake tafiya. Ya lallaɓa ya je ya zauna a kan dutsen tun simintin bai bushe ba, ya ciro tabarsa ya kunna.

“Don Cleofas, ka tashi mana, aiki muke yi.”

“Ku yi aikinku, ɗana, ni hutawa nake. Sai dai dutsen nan ya yi kuskuren wuri. Can bayan bishiyoyin kwakwar nan ne gidansa.”

“Ba ni da ikon canza taswira.”

“To aika a kira mai ikon. Ina nan.”

Mai awon ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya duba bayansa, ya ga mata sun fara sauke tukwane daga ka suna neman duwatsun murhu. Ya tambaye ni ko da gaske suke. Na ce masa ya tambayi mutanen San Anselmo. Ya shiga mota ya tafi neman waya, bai dawo ba sai washegari da sabuwar takarda. Maza huɗu suka tumɓuke dutsen suka ɗora a amalanke, Don Cleofas ya hau ya zauna kusa da shi, aka kai su bayan bishiyoyin kwakwa.